Kundin aiki: shirya wa Debian ƙunshin manhajar nazarin zirga-zirgar bayanai

6 ga Satumba, 2025

Yau na shigar da sanarwar ITP, wato niyyar shirya ƙunshi, a ƙarƙashin wnpp, jerin da Debian (wani tsarin Linux) ke ajiye irin waɗannan sanarwa. Da ita mutum ke shaida wa jama'ar Debian cewa shi zai shirya wa wata manhaja ƙunshi, don kada wani ya sha wahalar maimaita aikin. Sai da na bincika ko wani ya riga ni, na tarar babu. Da gangan na jira aka saki Debian 13, wato trixie, ranar 9 ga Agusta, domin idan ana dab da saki ana rufe wa sababbin ƙunshi hanya. Yanzu hanya ta buɗe, burina manhajar ta shiga forky, sigar Debian mai bin trixie.

Manhajar ƙarama ce, da C aka rubuta ta, kuma a kan libpcap, laburaren kama fakiti, take tsaye. Tana sauraron abin da ke wucewa ta katin sadarwa, ko ta karanta fayil ɗin pcap da aka riga aka kama, sai ta tattara fakiti-fakiti ta mayar da su hira-hira: wane adireshi ya yi magana da wane, ta wace tasha, bayit nawa suka yi musaya, da sunayen da aka tambayi DNS, mai fassara suna zuwa adireshi. tcpdump na jero maka kowane fakiti, Wireshark na feɗe maka shi har hanji, ita kuwa taƙaitawa take yi, kuma taƙaitawar nake buƙata duk ranar da sadarwa ta yi nauyi ana neman dalili. Na daɗe ina harhaɗa ta da hannu a kowace na'ura. Ina so ranar ta zo da mutum zai rubuta `apt install` kawai ya same ta.

A kundin nan, in na ce ƙunshi ina nufin fayil ɗin .deb da ake girka manhaja da shi a Debian, in na ce fakiti ina nufin guntun bayanan da ke tafiya a waya.

13 ga Satumba

Ban fara gina ƙunshin ba tukuna. Karatu nake yi, fayil bayan fayil, saboda debian/copyright, inda ake rubuta mai haƙƙin kowane fayil da lasisinsa. Asalin manhajar lasisin GPL ne, wannan ba matsala. Amma a wata folda akwai kwafin laburaren uthash da na cJSON da marubucin ya ɗebo ya ajiye. Dokokin Debian, sashe na 4.13, ba sa son irin wannan kwafi, kuma dalilin a fili yake: ranar da aka gano ɓaraka a cJSON za a gyara laburaren da ke cikin tsarin sau ɗaya, kowa ya amfana, amma kwafin da ke ɓoye a cikin wata folda zai ci gaba da zama da cutarsa ba wanda ya sani. Akwai uthash-dev da libcjson-dev a Debian, da su zan haɗa.

Sai abu biyu masu nauyi. Na farko, akwai kwafin rumbun GeoLite2, wanda ke faɗin ƙasar da adireshi yake. Tun ƙarshen 2019 MaxMind ta canja sharuɗɗan rabonsa, sai mai rajista ke saukewa, saboda haka ba zai wuce DFSG, ƙa'idojin Debian na manhaja mai 'yanci, ba. Zan cire shi ta layin Files-Excluded, lambar sigar ta ɗauki +dfsg a ƙarshe. Laburaren libmaxminddb shi kansa ba shi da laifi, don haka mai rumbunsa zai iya nuna wa manhajar inda ya ajiye shi. Na biyu, Makefile na sauko da jerin OUI daga intanet a tsakiyar gini, wato jerin da ke fassara bayit uku na farkon adireshin MAC zuwa sunan kamfanin da ya ƙera katin. Ginin ƙunshi a Debian ba ya taɓa intanet. Ƙunshin ieee-data na ajiye wannan jeri a /usr/share/ieee-data, can zan sa ta karanta.

14 ga Satumba

Abin da na gani yau ya tsayar da ni.

A foldar gwaji akwai fayilolin pcap guda shida da ake gwada manhajar da su. Na buɗe su ne don in san wa zan rubuta a matsayin mai haƙƙinsu. Biyar ba komai a ciki. Na shidan, da na buɗe shi a Wireshark na bi wata hira ta tasha 110, sai ga POP3, yarjejeniyar sauke imel, tsirara, ba rufi: layin USER ɗauke da adireshin imel na wani mutum, a ƙarƙashinsa layin PASS da kalmar sirrinsa baro-baro, sabar kuma ta amsa da +OK. Ƙasa kaɗan ga kanun wasiƙu. Nan na rufe fayil ɗin, ban ƙara karanta ko layi ɗaya ba. Bisa dukkan alamu an kama wannan ne a wata hanyar sadarwa ta gaske shekaru da suka wuce, aka jefa shi cikin gwaji, aka manta.

Na daɗe ina tunanin abin da zai faru da ban buɗe ba. Ƙunshin da ya shiga Debian ana kwafarsa zuwa madubai, wato sabar da ke riƙe kwafin rumbun, a ko'ina a duniya, tsare-tsaren da ke ɗiba daga Debian su ma su ɗauka, snapshot.debian.org kuma ya ajiye kowace siga da aka taɓa ɗorawa. Abin da ya fita ta nan ba a iya kiransa ya dawo. Mutumin da ke cikin wannan fayil bai san an kama maganarsa ba, ballantana a nemi izininsa.

Na rubuta wa marubucin manhajar ta imel ɗinsa kai tsaye, ban sa a shafin rahotanni ba, don kada in nuna wa kowa inda abin yake. Na faɗa masa sunan fayil da lambar fakitin, na ce share shi kaɗai ba zai wadatar ba tunda yana nan a tarihin git, kuma in har ya san mai asusun, ya kamata a sanar da shi ya canja kalmar sirri. A nawa ɓangaren, dukkan shidan sun shiga Files-Excluded. Biyar ɗin ma ban san asalinsu ba, kuma ba zan rarraba zirga-zirgar da ban san ta wace ce ba.

21 ga Satumba

Gini na farko a sbuild, shirin gina ƙunshi a keɓe, cikin tsabtataccen unstable, reshen Debian da sababbin ƙunshi ke fara shiga. Ya faɗi nan take: an kira wani aiki ba a gabatar da shi ba, `#include` ɗaya ya ɓace. A da gargaɗi kawai GCC, mai harhaɗa C, ke yi a kan wannan, daga siga ta 14 ya zama kuskure mai tsayar da gini. Layi ɗaya ya gyara shi.

Makefile ɗin ya fi cin lokaci. Akwai `-march=native` a ciki, wanda ke sa a gina manhajar daidai da furosesar injin da ya gina ta, ta yadda za ta iya mutuwa a kwamfutar da ta girme shi. Na cire. Sannan an rubuta `CFLAGS =` maimakon `+=`, saboda haka duk tutocin kariya da dpkg-buildflags ke miƙowa ana zubar da su a bakin ƙofa. Ga manhajar da aikinta shi ne karɓar bayit daga hannun baƙi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Faci uku ke nan na yau a debian/patches, inda nake ajiye gyare-gyaren da na yi wa manhajar, kowanne da bayani a kansa bisa tsarin DEP-3 na Debian, na kuma kunna `hardening=+all`.

28 ga Satumba

Marubucin ya amsa, kuma amsa ce ta mutumin kirki. Ya ce tsohon kamu ne daga wata hanyar sadarwa da ya taɓa kula da ita, ya sake rubuta tarihin git ya fitar da fayil ɗin, ya kuma tuntuɓi mai asusun. Ya nemi in taimaka da abin da zai maye gurbin gwaje-gwajen.

Na rubuta ɗan shiri da scapy, wani laburaren sarrafa fakiti, mai ƙera fakitin daga babu. Adireshin duk daga waɗanda RFC 5737 ta keɓe don misali ne, 192.0.2.0/24 da 198.51.100.0/24 da 203.0.113.0/24, na IPv6 kuma 2001:db8::/32 da RFC 3849 ta keɓe, sunaye kuwa example.com. Ba mutum ko ɗaya a bayansu. Wata riba da ban yi tsammani ba: tunda ni na ƙera su, na san ainihin amsar da ya kamata ta fito, fakiti nawa, bayit nawa, kuma ina iya saka abin da tsofaffin ba su da shi, kamar alamar VLAN ta 802.1Q mai ƙara bayit 4 a kan Ethernet.

5 ga Oktoba

Wannan makon kacokan ya tafi ne a kan tambaya ɗaya: wa za a ba ikon sauraro?

A Linux, kama fakiti na buƙatar buɗe soket irin AF_PACKET, kuma ba kowa kernel, wato zuciyar tsarin, ke bari ba. Takardar manhajar ta ce a kira ta da sudo, shi ke nan. Ban yarda da wannan ba. In ta gudana a matsayin root, asusun da sudo ke mayar da kai, duk dubban layukan da ke feɗe fakiti suna gudana da cikakken iko, alhali abin da suke karantawa wani ne ya rubuta shi a can wani wuri, ƙila da mugun nufi. Kuskure ɗaya wajen karanta tsawon wani fili, sai baƙo ya mallaki na'urar. Sa mata setuid, wato ta gudana da ikon root ko wa ya kira ta, ya fi wannan muni, don ya buɗe wa kowane mai asusu a na'urar damar karanta zirga-zirgar kowa.

Na koma na duba yadda magabata suka yi. tcpdump, wanda Van Jacobson da Craig Leres da Steven McCanne suka fara a Lawrence Berkeley a 1988, yana buɗe katin sannan ya sauka daga root ya koma asusu marar iko kafin ya fara karanta fakiti. Wireshark ya raba aikin gida biyu: ɗan ƙaramin dumpcap ne kaɗai ke da ikon kamawa, babban shirin mai fassara yarjejeniyoyi ba shi da komai. A Debian, wajen girka wireshark-common ana tambayarka ko waɗanda ba root ba za su iya kamawa, amsar da aka tanada kuma a'a ce. In ka ce e, sai a ba dumpcap ikon ta setcap, umarnin da ke maƙala wa fayil wani keɓaɓɓen iko, a taƙaita shi ga 'yan rukunin wireshark.

Na ɗauko daga duka biyun. Akwai tambayar debconf, irin wadda ake yi wajen girkawa, kuma amsar asali a'a, domin wanda ya girka ƙunshin a sabar ɗari ta hanyar shiri ba zai ga tambayar ba, bai kamata a buɗe masa ƙofar da bai nema ba. In an ce e, postinst, shirin da ke gudana bayan girkawa, zai ƙirƙiri rukuni, ya mayar da fayil ɗin na rukunin da izini 0754, ya ba shi cap_net_raw, ikon buɗe irin wannan soket. Na gwada na ga wannan kaɗai ya isa buɗe katin da sauraron duk abin da ke wucewa, don haka ban ƙara cap_net_admin ba. Sai wani faci kuma, wanda na fi alfahari da shi: da zarar pcap_activate, mai buɗe katin, ya dawo, manhajar na zubar da duk ikon da ke hannunta kafin ta taɓa fakiti na farko. Soket ɗin da aka riga aka buɗe na ci gaba da aiki.

7 ga Oktoba

Na girka, na amsa e, na shiga rukunin, na fita na sake shiga, amma manhajar ta ce ba ni da izini. `getcap` bai nuna komai a kan fayil ɗin ba. Kuskurena ne: a postinst na sa setcap kafin chown, shi kuwa kernel yana goge ikon da ke maƙale da fayil duk lokacin da aka canja mai shi ko rukuninsa. Hikima ce, don kada iko ya bi fayil zuwa hannun da ba a nufa ba. Na juya layukan biyu. Na kuma tabbatar ana maimaita matakin a kowane sabuntawa, tunda dpkg sabon fayil yake ajiyewa, ikon ba ya zuwa a cikin .deb.

19 ga Oktoba

Debian ba a furosesa irin amd64 kaɗai take aiki ba, shi ya sa na gina wa s390x da armhf ta qemu, mai kwaikwayon wasu injina. Ginin ya wuce, amma a s390x gwajin IPv4 duk ya faɗi: manhajar ta karanta fayil, ta ce ba ta ga hira ko ɗaya ba. Na IPv6 kuwa lafiya lau.

Na sa ta buga abin da take gani a fakitin farko. Bayit na farkon kan IPv4, wato bayanin da ke gaban fakiti, shi ne 0x45: rabin sama 4, sigar yarjejeniyar ke nan, rabin ƙasa 5, tsawon kan, wato 5 sau 4, bayit 20. A s390x sai ta buga siga 5, tsawo 4. Ta juya su. Marubucin ya zana nasa tsarin da filaye biyu masu bit huɗu-huɗu, ya jera su yadda suke faɗawa a injin da ke fara ajiye ƙaramin bayit, irin amd64. s390x kuwa babban bayit yake farawa da shi, filayen bit ma daga sama ake cika su. Tunda ba ta san wata IP siga ta 5 ba, sai ta yi ta watsar da kowane fakiti shiru. Gyaran bai kai a kira shi aiki ba: `p[0] >> 4` don siga, `p[0] & 0x0f` don tsawo, kuma wannan daidai yake a kowane inji. Shirun ne ya dame ni. Mai binciken matsala da aka ce masa ba zirga-zirga zai yarda ya juya wani wajen. Na ƙara mata ƙidayar fakitin da ta tsallake, tana bugawa a ƙarshe.

A armhf lokutan ne suka fito a hargitse. Tun sauyin da Debian ta yi a 2024 saboda matsalar shekarar 2038, lokacin da ƙidayar daƙiƙa mai bit 32 za ta cika, time_t mai riƙe lokaci a can bit 64 ne, amma long na nan a 32, manhajar kuma da `%ld` take buga daƙiƙa. Wannan sauyin ne ma ya sa laburaren ya koma libpcap0.8t64. An gyara.

26 ga Oktoba

Ba dole ba ne mai shirya ƙunshi ya yi wannan, amma ba zan iya sa hannu a kan mai feɗe fakiti ban jarraba shi da shara ba. Na gina ta da AddressSanitizer, mai kama kuskuren ƙwaƙwalwa, na ba AFL++, mai cusa wa manhaja gurɓatattun bayanai, fayilolin scapy a matsayin iri, na bar shi ya kwana yana lalata su.

Da safe abu biyu. Na ɗaya, manhajar na gaskata tsawon da kan TCP ya faɗa, wanda zai iya kai bayit 60, ba ta duba ko bayit ɗin da aka kama sun kai haka ba, sai ta karanta abin da ke bayan fakitin. Na biyu a DNS yake. RFC 1035 ta ba da damar gajarta suna: maimakon a maimaita shi, sai a sa manuni mai cewa koma wuri kaza ka ci gaba da karantawa. AFL++ ya ƙera manunin da ke nuna kansa. Manhajar ta bi shi, ta dawo inda take, ta sake bi, ba iyaka. Fakiti ɗaya tak da kowa zai iya aikowa ya isa ya daskarar da ita. Yanzu ba ta bin manuni sai mai komawa baya, kuma tana tsayawa in sunan ya haura bayit 255. Su ma ta imel na aika wa marubucin, tare da fayilolin da ke tayar da matsalar.

2 ga Nuwamba

Ƙananan ayyuka. lintian, mai binciken kurakuran ƙunshi, ya yi ƙorafin babu shafin man, wato jagorar amfani, na rubuta. reprotest ya nuna gini biyu ba sa fitowa iri ɗaya saboda Makefile na cusa kwanan wata da sunan injin a cikin shirin. Na cire sunan, kwanan watan kuma daga SOURCE_DATE_EPOCH. debian/watch na aiki, uscan na sauko da siga ya cire abin cirewa da kansa. piuparts ya girka, ya sabunta, ya cire, ba saura.

9 ga Nuwamba

Na tura komai Salsa, ma'ajiyar git ta Debian, na ɗora a mentors.debian.net, na shigar da RFS, wato neman wanda zai ɗora mini. Ni ba ni da ikon ɗorawa a rumbun Debian, sai wani cikakken mamba ya duba ya sa hannunsa.

23 ga Nuwamba

Mako biyu shiru, sannan wata daga cikin masu ɗorawa ta ɗauka, kuma ta karanta da gaske. Ta gano wani fayil mai lissafin checksum da ke ɗauke da lasisin BSD da sunan wani marubuci daban a kansa, ni kuma na haɗa shi da sauran a ƙarƙashin GPL. Gaskiyarta, kuma irin wannan ne ke sa a dawo da ƙunshi daga NEW, layin da ake tantance sababbin ƙunshi. Na ba shi nasa sakin layi.

Ta kuma yi abin da ban yi ba: ta kira manhajar da `-i any`, wato sauraron dukkan katuna a lokaci ɗaya. Sakamakon shirme ne. A kan wannan kati na jeka-na-yi-ka libpcap ba kan Ethernet mai bayit 14 yake bayarwa ba, nasa na LINUX_SLL ne mai bayit 16, sabon SLL2 kuma 20. Manhajar ba ta taɓa tambayar pcap_datalink, mai faɗin irin kan, ba, 14 kawai take tsallakewa. Yanzu tana tambaya, ta san ukun, in kuma ta gamu da wanda ba ta sani ba sai ta faɗa ta tsaya.

Mun ɗan yi saɓani a kan rukunin. Na so a share shi idan an cire ƙunshin gaba ɗaya, ita ta ce a bar shi, domin fayilolin da aka kama za su iya zama da lambarsa, in aka ba wani sabon rukuni wannan lambar sai ya gaji ikon karanta su. Da na tuna abin da na gani ranar 14 ga Satumba, ban ƙara musu ba.

30 ga Nuwamba

Marubucin ya fitar da sabuwar siga. Ya karɓi gyaran s390x da na TCP da na DNS da na `any`, har da zubar da iko bayan buɗe kati da gwaje-gwajen scapy. Faci biyu suka rage a wajena, na hanyar ieee-data da na haɗawa da laburaren tsarin. Na ƙara autopkgtest, wato gwajin ƙunshi bayan girkawa, guda biyu: ɗaya na karanta fayilolin da aka ƙera ya kwatanta amsa, ɗayan na ƙirƙirar asusu marar iko, ya tabbatar ba zai iya kamawa ba, ya sa shi a rukunin, ya tabbatar yanzu yana iyawa.

7 ga Disamba

Ta sa hannu ta ɗora. Ƙunshin na layin NEW, inda za a sake bin debian/copyright fayil bayan fayil, kuma ba a sa wa wannan rana. In ya wuce, sai a sake ɗora shi daga tushe kaɗai, injinan Debian su gina shi da kansu, kafin a bar shi ya gangara testing, wato forky. A nan ne zan ga sakamakon s390x na gaske, ba na qemu ba.

Kafin nan na fara rubuta masa bayanin AppArmor, mai taƙaita abin da manhaja za ta iya taɓawa. Abin da manhajar ke buƙata kaɗan ne: soket ɗinta, fayilolin pcap, jerin OUI, da rumbun ƙasashe ga wanda ke da shi. Daftarin farko na gudana a yanayin ƙorafi, inda ake rubuta saɓawa ba a hanawa, tun jiya, kuma ya riga ya nuna mini tana buɗe /etc/resolv.conf ko da an ce kada ta nemi sunaye. Gobe zan bi in ga wane layi ne ke yin haka.